Abin Da Jini Ke Faɗa Bayan An Bugu A Ka



Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti bayan haɗarin mota ya san tambayar da ake tare likita da ita a bakin ƙofa: "Likita, zai tashi?" A birnin Libreville na ƙasar Gabon ana yin wannan tambaya da Faransanci, ana yin ta da Fang da Punu, ana kuma yin ta da Hausa, domin akwai Hausawa 'yan ƙasa da kakanninsu suka zauna a Oyem da Bitam da Minvoul tun zamanin fatauci, ga kuma 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya da Kamaru da ke neman na kansu a kasuwar Mont-Bouët. Amsar likita ba ta cika wuce guda ba: a yi haƙuri, a jira, a ga abin da kwana biyu ko uku za su haifar. Dangi kan ɗauka ɓoye musu ake yi. Sau da yawa kuwa iyakar gaskiyarsa ke nan, don ƙoƙon kai rufaffe ne, abin da ke cikinsa ba ya ganuwa da ido.

Yau sharhinmu na kan wani sabon ƙoƙari ne na leƙa cikin kai ta hanyar jini. A ɗebi jini kaɗan daga hannu, a auna wasu sinadaran furotin, a ce ga girman ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa, ga kuma inda ake jin majinyacin zai dosa nan da wata shida. Maganar ta wuce mafarki, na'urorin suna kasuwa. Tambayata ita ce, me wannan awo zai tsinana wa mutumin da mota ta kaɗe a kan titin Voie Express na Libreville, ko wanda motarsu ta yi taho-mu-gama da babbar motar katako a wajen Kango?

Bari mu fara da abin da likitoci ke riƙe da shi tun da daɗewa. A shekarar 1974 wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu a birnin Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da wani ma'auni mai sauƙi. A duba ko majinyaci na buɗe ido, ko yana magana, ko yana motsi in an umarce shi ko an mintsine shi. A haɗa maki, daga 3 zuwa 15. Mai 13 zuwa 15 a ce rauninsa mai sauƙi ne, mai 9 zuwa 12 matsakaici, mai 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani. Ma'aunin ba ya cin ko sisi, ba ya bukatar lantarki, shi ya sa har gobe da shi ake aiki daga Libreville har Kano. Amma yana da makanta. Wanda ya bugu da giya makinsa zai faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Wanda aka yi wa allurar barci aka sa masa bututun numfashi ba shi da bakin amsawa. Mafi muni shi ne mai maki 15 cif, yana zaune yana ba da labarin yadda abin ya faru, alhali wata jijiya ta tsinke tana tsiyayar da jini a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Haka ta faru da 'yar fim ɗin nan ta Ingila, Natasha Richardson, a watan Maris na 2009. Ta faɗi a wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce a bar ta ba komai. Bayan kwana biyu ta rasu. Mu ma nan mun san irin wannan, mun sha jin "ai da ƙafarsa ya dawo gida, har ya ci abinci."

Hoton sikan shi ne ke tona asirin irin wannan jini. Sai dai na'urar tana da tsada, tana son wuta tsayayya da ƙwararren da zai karanta hoton, kuma yawancin masu ƙaramin rauni in an ɗauke su hoton ba a ganin komai. A nan ne maganar jini ta shigo.

Ƙwaƙwalwa tana da wasu furotin da kusan nata ne ita kaɗai, kuma akwai wani shinge na halitta da ke hana abin da ke cikinta gauraya da jinin sauran jiki yadda ya ga dama. Idan kai ya bugu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka farfashe, shingen ya sami kafa, sai waɗannan furotin su zubo cikin jini. Kamar buhun gero ne a bayan amalanke: ba ka ga inda ya yage ba, amma yawan tsabar da ka gani a kan hanya zai gaya maka girman yagewar. Sunayensu ba su da daɗin faɗa a rediyo, amma ba makawa. Akwai S100B, wanda wani masani Blake Moore ya gano danginsa tun 1965. Akwai GFAP, da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Akwai UCH-L1, da ke fitowa daga su kansu ƙwayoyin jijiyar. Sai kuma NfL, wanda ke fita daga dogayen zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, shi kuma ba ya sauri, yakan ɗauki kwanaki har makonni yana hawa.

Ƙasashen arewacin Turai, su Sweden da Norway da Denmark, sun sa S100B cikin ƙa'idar aikinsu a 2013. Suka ce mai ƙaramin rauni in an auna shi cikin awa 6 aka ga awon bai kai 0.10 ba, ana iya sallamarsa ba tare da sikan ba. A Amurka, inda ma'aikatar tsaro ta zuba kuɗi a binciken saboda sojojinta, hukumar kula da magunguna ta amince da gwajin GFAP da UCH-L1 a watan Fabrairun 2018. Binciken da aka dogara da shi ya ƙunshi mutum kusan 2,000, ya kuma nuna cewa in gwajin ya ce ba komai, fiye da sau 99 cikin 100 hoton ma ba zai nuna komai ba. Kamfanin Abbott ya mayar da gwajin cikin wata na'ura ta riƙewa a hannu mai suna i-STAT, a 2024 kuma aka amince a yi shi da jini kai tsaye ba sai an tace ba, sakamako cikin minti 15 a gefen gadon majinyaci. Faransa, wadda likitocin Gabon da dama suka yi karatu a can kuma suke bin littattafanta, ta sa waɗannan gwaje-gwaje cikin shawarwarin likitocin gaggawa a 2022.

Wannan duk maganar wa za a ɗauka hoto ce. Maganar wa zai warke fa?

A 2022 mujallar Lancet Neurology ta buga manyan bincike biyu. Na farko daga Amurka, na ƙungiyar TRACK-TBI, ƙarƙashin jagorancin Dakta Frederick Korley. Sun auna GFAP da UCH-L1 a ranar da aka ji rauni ga mutum 1,696, suka bi su har wata shida. Ku saurari sakamakon da kyau, don nan ne tsokar take. In ka ɗauko mutum biyu, ɗaya ya rasu ɗaya ya rayu, awon ranar farko yana nuna wanda ya rasu daidai kusan sau 9 cikin 10. Wajen gane wanda zai tashi da babbar nakasa ma ƙarfinsa ya kusa haka. Amma da aka zo ga tambayar wa zai koma daidai yadda yake kafin haɗarin, sai gwajin ya ragwaɓe, ya dawo kusan sau 6 cikin 10. Wanda ya rufe ido ya yi canke ma zai ci 5. Bincike na biyu, na Turai mai suna CENTER-TBI, ya auna furotin iri shida ga mutum sama da 2,000, ya samu cewa haɗa su da abin da likita ya gani da ido yana ƙara ƙarfin hasashe, kuma UCH-L1 ne ya fi ba da gudummawa. Har ta kai a 2025 masana sun kawo shawarar a daina wadatuwa da "mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani," a riƙa haɗa abu huɗu: duban likita, awon jini, hoto, da yanayin rayuwar majinyacin kansa.

To, ga inda ni nake ganin ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Ɗan tireda a Mont-Bouët da ya bugu a ka, ya yi kwana biyu a gado aka sallame shi, ba mutuwa ce damuwarsa ba. Damuwarsa ita ce ya koma shago ya tarar lissafi na kuɓuce masa, ya ba da canji sau biyu, hayaniyar kasuwa ta sa kansa sarawa, ya riƙa faɗa da abokan ciniki, shi da aka sani da sanyin hali. A gida a ce tun da ya faɗi ya sauya, wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Wannan ba ƙaramin rukuni ba ne. Wani rahoton na TRACK-TBI a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda aka kira rauninsu "mai sauƙi" a manyan asibitocin Amurka suna fama da wata tawaya a harkokinsu na yau da kullum bayan shekara guda cur. A daidai wannan tambaya, wadda ta fi shafar yawancin mutane, gwajin jinin ranar farko bai da ta cewa sosai. Duk wanda ya zo yana tallata na'urar da sunan za ta faɗi makomar kowa, ya wuce gona da iri.

Yanzu mu sauko Gabon. Ƙidayar 2013 ta ba ƙasar mutum miliyan 1.8, sama da 700,000 daga ciki a Libreville, ban da Owendo da Akanda da ke manne da ita. Manyan asibitoci ma nan suka taru: asibitin koyarwa na Libreville, asibitin koyarwa na Owendo da aka ware musamman don raunuka da karaya, da asibitin soja na Omar Bongo Ondimba da ke PK9. Sauran ƙasar kuwa kurmi ne da koguna da doguwar hanya. Wanda ya ji rauni a Oyem, in aikin ya fi ƙarfin asibitin lardi, tafiyar sama da kilomita 500 ce a gabansa, ta Mitzic da Ndjolé da Bifoun da Kango da Ntoum, a kan titin da yake rabawa da manyan motocin katako. Na Bitam ya fi haka nisa. Port-Gentil kuwa, birni na biyu, an saba zuwa Libreville daga can ta ruwa ne ko ta sama.

Bature yana amfani da gwajin ne don ya rage layi a ɗakin sikan da ke ƙarshen baranda. Likita a Bitam ko Mitzic tambayarsa daban ce: wannan mutumin da ke zaune yana magana, in bar shi ya kwana a nan in sa masa ido, ko in ɗora shi a mota yanzu-yanzu? Kowane zaɓi da kuɗinsa. In ya tura wanda ba ya bukata, ya jawo wa iyali kuɗin mota da masauki da asarar kasuwa a banza. In ya riƙe wanda jini ke taruwa a kansa, lokacin da alama za ta fito fili hanya ta riga ta yi masa nisa. A ganina, in akwai wurin da na'urar minti 15 za ta biya kuɗinta a wannan ƙasa, to asibitocin lardi ne da ke bakin waɗannan hanyoyi, kafin ma asibitocin babban birni da ke da hoto a kusa.

Nisan hanyar kuma shi zai zaɓi irin gwajin. S100B ba ya daɗewa a jini, ƙa'idar Faransa ma awa 3 ta ba shi. Mutum nawa ne a karkara ke isa gaban likita cikin awa 3? UCH-L1 yana hawa da wuri, ya kai ƙololuwa wajen awa 8, ya fara sauka. GFAP ya fi haƙuri, yana kai ƙololuwa wajen awa 20 kuma ana iya ganinsa bayan kwanaki. Don haka ga majinyacin da aka fara kaiwa wurin mai ɗori, aka shafa masa magani, aka jira gari ya waye, GFAP ne ya fi kusa da zama abokin tafiya.

Akwai kuma wata matsala ta S100B da ta shafe mu kai tsaye, wadda ba a cika jin ta a tallar kamfani ba. Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke yin sa ba. Kitse na yi, guringuntsi na yi, shi ya sa wanda ya karye a cinya awonsa zai tashi ko da kansa bai taɓu ba. Ƙwayoyin da ke ba fata launi su ma suna yin sa. A 2003 wasu masana a birnin Paris suka auna lafiyayyun mutane, suka samu cewa awon baƙar fata ya kusa ninka na farar fata. Ma'ana, lafiyayyen mutum a unguwar Nzeng-Ayong ko Lalala a Libreville, wanda ko tuntuɓe bai yi ba, yana iya zarce layin nan na 0.10 da aka shata a Sweden. Haɗarin a nan ba na a sallami mai ciwo ba ne. Haɗarin shi ne gwajin ya riƙa kururuwa a kan kusan kowa, a biya kuɗin jini a kuma biya kuɗin hoto, ba a rage komai ba. GFAP shi ma yana ƙaruwa da shekaru, dattijo lafiyayye ya fi saurayi. Sannan bincike a kan yara a Yuganda ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana ɗaga wasu daga cikin waɗannan furotin. A ƙasar da maleriya ke nan rani da damina, wannan abin lura ne.

Ba ina cewa a yi watsi da gwajin ba ne. Ina cewa ne layukan da aka shata an shata su ne da jinin wasu, kuma Gabon na cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da ke da hannun auna nata. A Lambaréné, garin da Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913, akwai cibiyar bincike ta CERMEL, wadda ta shiga gwajin rigakafin maleriya na RTS,S da kuma gwajin matakin farko na wani rigakafin Ebola. A Franceville akwai cibiyar CIRMF tun 1979, wadda masananta suka buga shaidar alaƙar jemagu da cutar Ebola a 2005. A Owendo ga jami'ar kimiyyar lafiya kusa da asibitin masu rauni. Ƙasar da ta iya waɗannan ba za ta gaza tara jinin lafiyayyun mutanenta da na majinyatanta ta ga inda layinta ya kamata ya tsaya ba. Gaskiya ne kuɗin bincike daga waje sun fi bin cututtuka masu yaɗuwa, don su ne ke tsallaka iyaka su tsoratar da masu kuɗin. Fashewar kai a kan titin Ntoum ba ta hawa jirgi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗuran hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi kowa yawan mutuwa in an kwatanta da yawan jama'a.

Bari in yi ɗan ratse zuwa furotin na talaka, waɗanda kowane ɗakin gwaji ke iya aunawa yau ba sai an jira sabuwar na'ura ba. Sinadarin haemoglobin da ke ɗaukar iska a jini furotin ne, kuma tun 2008 babban ma'aunin hasashe na IMPACT ya sa shi tare da sukarin jini cikin abubuwan da ke nuna makomar mai rauni a ka. Ƙarancin jini na tafiya da mummunan sakamako, sukari mai yawa ma haka. A ƙasar da sikila da maleriya suka riga suka rage wa mutane da yawa jini tun kafin haɗari, wannan awo mai araha ba abin rainawa ba ne. Akwai kuma albumin, furotin da hanta ke yi. An daɗe da lura cewa masu ƙarancinsa sun fi shan wuya. Hankali zai ce to a ƙara musu shi mana. Wani babban gwaji a Ostareliya da New Zealand ya kwatanta ƙarin ruwa mai albumin da ruwan gishiri na yau da kullum ga majinyata a ɗakin kulawa ta musamman, a 2007 kuma aka buga abin da ya sami masu rauni a ka su 460. Bayan shekara biyu, kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka ba albumin sun rasu, na ruwan gishiri kuwa kashi 20. Abin da ke nuna ciwo daban, abin da ke maganinsa daban. Haka aka yi shekaru ana ba masu rauni a ka allurar rage kumburi ta steroid da kyakkyawar niyya, sai da gwajin CRASH na mutum 10,000 ya nuna a 2004 cewa ƙara mutuwa take yi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamari shi ne ranar da lamba za ta zama hukunci. A ce sakamako ya fito, awo ya yi sama ƙwarai, gadaje a ɗakin kulawa ta musamman ba su da yawa, kuɗin iyali na ƙarewa. Hukumar inshorar lafiya ta CNAMGS, da aka kafa a 2007, tana ɗauke wa mai rajista kashi 80 cikin 100 na kuɗin magani, abin a yaba ne, amma ragowar kashi 20 na makonni a kan injin numfashi ba wasa ba ne, asusun marasa galihu kuma na 'yan ƙasa ne. Ɗan ci-rani mai tura baro sai dai 'yan garinsu su yi masa karo-karo a masallaci. A irin wannan hali, abu ne mai sauƙi a kalli takarda a ce ba amfani, a janye hannu. Majinyaci ya rasu, a ce ai gwajin ya faɗa. Gwajin ya ci, amma da taimakonmu ya ci. Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. Wani bincike a manyan asibitoci shida na Kanada da aka buga a 2011 ya samu cewa kashi 70 cikin 100 na mace-macen masu mummunan rauni a ka sun biyo bayan shawarar janye injinan taimako ne, kusan rabinsu cikin kwana uku na farko. Alhali rahoton TRACK-TBI na 2021 ya nuna kusan rabin masu mummunan rauni sun kai ga iya kula da kansu a gida bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda ba su san inda kansu yake ba bayan mako biyu, fiye da kashi uku cikin huɗu sun farfaɗo kafin shekara ta zagayo. Sau 9 cikin 10 lamba ce mai kyau a takarda, sai dai na goman shi ma ɗan wani ne. Mu da muka yi imani rai na hannun Allah ba mu da wahalar gane wannan. Wahalarmu a ɗaya gefen take, inda "haka Allah ya ƙaddara" ke zama dalilin barin mutum a tabarma. Awo mai tsanani kamata ya yi ya sa a ƙara gudu, a nemo gado, a kira likitan tiyata.

Kuma ko na'urar ta zo gobe, sai an tanadi firji, don 'yan kwalayen gwajin a sanyi ake ajiye su kuma suna da ranar lalacewa. Mazauna Libreville sun san yadda ɗauke wuta ya addabe su a 'yan shekarun nan, balle asibitin da ke cikin kurmi. Kowane gwaji kwali guda ne, a yi a yar, kuma daga waje ake sayo shi. Dole mai tsara kasafi ya ajiye wannan kusa da wasu abubuwa masu arha da aka riga aka tabbatar suna ceton rai. Allurar tsayar da jini ta tranexamic acid na ciki. Gwajin CRASH-3 na 2019, mai mutum 12,737 a ƙasashe 29, da Najeriya da Kamaru a cikinsu, ya nuna tana rage mutuwa ga masu ƙarami da matsakaicin rauni da jini ke zuba a kansu in an ba su cikin awa 3, kuma da wuri ya fi. Akwai iskar oksijin da ƙarin ruwa a cikin motar asibiti, domin tun 1993 aka nuna cewa faɗuwar ƙarfin jini ko sau ɗaya bayan mummunan rauni tana ninka haɗarin mutuwa. Akwai hular kwano, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Wannan na ƙarshen ina aika shi ne musamman ga 'yan kabu-kabun Maraɗi da 'yan acaɓan Katsina da Sakkwato da ke jinmu, waɗanda ke cewa hular zafi gare ta.

Ga iyalai kuwa, kafin kowane gwaji ya iso unguwarku, ga abin da ke hannunku. Wanda ya bugu a ka, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa, kada a ciccibe shi wuya na lilo. In ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, sambatu, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. A yi addu'ar a cikin mota. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini kuwa, ko faɗuwar banɗaki ce a kai su a duba.

Abu na ƙarshe ya shafe mu Hausawa fiye da kowa. Lambobin hasashen makoma da na karanto muku an same su ne saboda wani ya ɗauki waya bayan wata shida ya tambayi majinyaci: ka koma aiki? Kana iya fita kai kaɗai? Ba tare da wannan kira ba, jinin da aka ɗiba a ranar farko ba shi da abin da za a gwada shi da shi. Mu kuwa al'adarmu, ɗan ci-rani in ya ji mummunan rauni, da zarar ya iya zama sai 'yan'uwa su haɗa kuɗi a mayar da shi gida, Damagaram ko Tawa ko Kano, layin wayarsa na Gabon ya mutu, takardun asibiti su tsaya a ƙasan jaka. A littafin asibitin Owendo an rubuta an sallame shi. Likitan da zai gan shi a asibitin Malam Aminu Kano ko a Yamai bayan wata uku bai san makinsa na ranar farko ba, bai ga hotonsa ba. Don haka in za a mayar da mutum gida, shugabannin zango da masu masauki su tabbata takardar sallama da hoton sikan da sakamakon jini sun bi shi, a ɗauke su a waya a tura wa wanda zai tarbe shi, a kuma bar wa asibitin da ya fito lambar wani ɗan'uwa da ba zai bar gari ba.